Magurjin Inna Mai Fuska Huɗu

Ƙusa na nan a bango, magurji ne babu. Yaya ta tsaya a tsakiyar kicin da karas biyu a hannu, tana kallon ɗan wurin da ya fi sauran bangon haske, inda magurjin ya shekara arba'in yana rataye. Ta duba kwandon kwanuka, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta fizgo aljihun kabad har cokula suka zube ƙasa. Sai ta ɗaga murya.

"Auta!"

Ƙanenta ya leƙo da waya a kunne, ya ɗaga mata yatsa wai ta dakata. Ita za a ɗaga wa yatsa! Ita da ta goya shi har ya sha jiƙa mata zane! Yanzu an girma, an ajiye tumbi, an buɗe garejin gyaran jikin mota da ma'aikata fiye da goma, shi ne har aka koyi ɗaga wa mutane yatsa.

"Ina magurjin Inna?"

Ya sauke wayar. "Wai wannan tsohon gwangwanin? Ai shekaranjiya na ba ɗan gwangwan, na haɗa masa da murfin tukunyar nan da ya lotse. Ga sabo can na sayo, ga kuma injin markaɗe. Me za a yi da tsatsa a gidan da ake jinya?"

Yaya ta ajiye karas ɗin a kan tebur. Ba ta zage shi ba, don zagin da ya dace da shi bai zo mata ba a lokacin.

Ga yadda zancen yake. Shekara huɗu ke nan da Baba ya faɗi a bakin famfo, jim kaɗan bayan rasuwar Inna, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ta ɗauke, haɗiya ta zame masa aiki. Tun daga ranar Yaya ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta dawo gidan. Ita ce wanki, ita ce juyi, ita ce cokali. Sauran 'ya'yan kuwa waya ce tasu: "Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi." To, a wayar nan suka haɗu su huɗu suka yanke cewa Baba ya rame, a mayar da shi gidan Auta, can wani gari mai nisa, a ɗaukar masa ma'aikaciyar jinya mai takardar shaida. Sai da suka gama yankewa sannan aka sanar da ita, kamar mai aikin da za a sallama. Auta ma har da yi mata tayin ta biyo su. Ta ce ba ta kai shekara hamsin da biyar a duniya don ta je ta riƙa sallama a ƙofar kicin ɗin wata ba.

Da Auta ya iso ranar Talata da yamma, ta gaya masa gaskiya ɗaya: Baba ba ya ci sai a hannunta. Ya yi dariya, ya ce abinci ai abinci ne. Gardama ta yi gardama, har suka tsayar da magana a gaban maƙwabcinsu, tsohon direba, wanda ya shigo rabon faɗa. A bar wa Auta kicin kwana uku. In Baba ya ci a hannunsa, mota za ta tafi da shi ranar Asabar. In bai ci ba, yana nan ɗakinsa, kuma babu mai sake tayar da zancen.

Laraba Auta ya kunna injinsa, gida ya ɗauki ƙara kamar ana walda. Abin da ya fito ruwa ne tsululu. Cokali ɗaya Baba ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa, daga nan ya datse baki. Alhamis aka gwada sabon magurji mai ƙyalli, ya fitar da karas zare-zare, zare ɗaya ya maƙale wa tsohon a wuya. Yaya na zaune a tsakar gida tana jin komai, ta cije leɓe ba ta motsa ba. Wani sashe na zuciyarta har murna yake yi, kuma ta tsani wannan sashen. Kwana biyu Baba bai saka komai a cikinsa ba sai ɗan shayi da ake ɗiga masa. Yau Juma'a. Da ta shiga juya shi da safe ta ga yadda ramin wuyansa ya zurma, sai ta ce a ranta ita dai ba za ta ci gardama da yunwar ubanta ba. Za ta ba shi da hannunta, ai wannan bai ɓata alkawari ba. Shi ne ta zo ta tarar da ƙusa ita kaɗai.

"Ka san abin da ka bayar kuwa?" Ta nuna masa ƙusar. "Kai a ganinka gwangwani ne da aka huhhuda. Fuska huɗu gare shi, kowace da aikinta. Mai manyan ramuka ta albasa ce da kabeji, ta masu haƙori irinka. Mai baki uku kamar reza ta yanka kokwamba ce da dankali fale-fale. Mai ƙaya-ƙayan nan da ke cin yatsa ta citta ce da ɓawon lemo. Ta huɗun kuwa, mai ƙananan ramuka, ita ce ta Baba. Shekara talatin da shida hannun Inna na cinta, huɗu hannuna, har kaifinta ya kwanta. Ba ta yanka, murtsukewa take yi. Abin da ke fitowa ba ruwa ba ne, ba zare ba ne, ba gudaji ba ne. Shi kaɗai ke wuce masa. Sabo ka ce? Sababbi uku na saya a gidan nan kafin in gane, duk na rabar da su."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaya? Kun tambaye ni wani abu, ku huɗun?"

Ta yafa mayafi ta fita, ta bar shi da baki buɗe.

Wurin 'yan gwangwan yana bayan tashar mota, ƙetaren kwalbati. Tun daga nesa ake jin amon guduma. Tsofaffin gadaje, ƙafafun kekuna, fankoki marasa fuka-fuki, tukwane marasa gindi, duk an tara su tsibi-tsibi sun fi mutum tsayi. Ƙarti uku na zaune a ƙasa suna bubbuge duk abin da ke da ciki, don ya shiga buhu. Mai wurin yana kan benci kusa da sikeli, yana sakace.

"Hajiya, sayarwa ko saye?"

"Nema. Wani naku ya karɓi magurji a layinmu shekaranjiya, shi da murfin tukunya."

Mutumin ya dube ta, ya dubi tsibin ƙarafan, ya kece da dariya. "Magurji! Hajiya, mu nan ai da kilo muke sanin kaya, ba da suna ba. In na shekaranjiya ne, ga shi can bakin katanga. Amma ki yi hattara, akwai gutsattsarin kwanon rufi a ciki."

Ta ɗaure mayafin a ƙugu ta hau tono. Rana ta take, ƙarfe ya yi zafi, tsatsa ta rine mata hannu har gwiwa. Tana tono tana zagi a hankali: ta zagi Auta, ta zagi wayar Auta, ta zagi wanda ya ƙera injin markaɗe da wanda ya sayar da shi. Masu guduma suka daina aiki suna kallonta, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa ko zinare ne ya ɓace. Sai ga murfin tukunyarsu, ta gane shi da igiyar da ta ɗaura a madadin mariƙin da ya karye. Ta cusa hannu a ƙarƙashinsa da sauri, nan take ta ji wani sanyi ya ratsa tafin hannunta na dama. Da ta zaro, jini ya riga ya kai wuyan hannu. Amma a tsakanin yatsunta ga magurjin.

Sai dai guduma ta riga ta. An tumurmushe shi ya zama kamar faifai, fuska biyu sun manne da biyu, mariƙin ya karkace gefe.

Mai wurin ya taso ya daina sakacen. "Subhanallahi! Ɗauki abinki ki tafi kemis, baiwar Allah. Wannan me zai yi miki yanzu?"

Ta wuce kemis. Mai kemis ya wanke ciwon, ya yi mata allura, ya naɗe hannun har yatsu, ya ce kada ta riƙe ko cokali da shi sai bayan sati biyu. Ta ce ta ji.

Ta tarar da Auta zaune a dokin ƙofar Baba, da kwanon wani abu ruwan ɗorawa a cinyarsa, ya yi tagumi. Ta wurga masa magurjin a gaba, ya faɗi a siminti da ƙara.

"Ga aikinka."

Ya dubi ƙarfen, ya dubi bandejin. "Yaya, me ya sami hannunki?"

"Hannuna ne ya dame ka yanzu? Shekara huɗu hannun nan na cikin kashi da fitsari, wa ya tambaye shi? Sai ku turo buhun shinkafa da katan ɗin madara, ku kwanta ku yi minshari, kun sauke nauyi. Ka zo kwana uku ka share min kicin kamar gidan haya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kai ka zo da injinka kana koya min uban da na fi ka sani!"

"Ni ma ubana ne!" Shi ma ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba. "Kin ji? Ni ma ubana ne. Kin riƙe shi kamar ke kaɗai ya haifa. In na kira sai ki ce da sauƙi ki kashe waya. In na ce zan zo sai ki ce ba sai na wahala ba. Dubi kanki a madubi, Yaya. Shi ya rame, ke kin fi shi. Yaushe rabonki da ki kwana ki tashi ba ki farka sau biyar ba? Ranar da kika faɗi, wa zai ɗaga wani a cikinku?"

Maganar ta same ta, shi ya sa ta ƙara fusata. "In na faɗi ka kira ɗan gwangwan ya kwashe ni."

Daga cikin ɗaki Baba ya yi wani gurnani, irin wanda yake yi in ana hayaniya. Suka yi tsit su biyun.

Auta ya sunkuya ya ɗauki magurjin. Ya juya shi, ya ɗaga shi sama yana leƙa ramukan ta hasken rana, ya bi lanƙwasar da babban yatsa. Sai ya fita waje. Yaya ta ji ƙarar buɗe bayan mota. Ya dawo da 'yar ƙaramar guduma mai kai biyu, da filaya, da guntun katako. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a igiyar shanya, ya zauna dirshan a ƙasa da singileti.

Ta so ta ce masa ya bari kada ya ƙarasa shi, amma sai ta tsaya kallo. Ya soma buɗe bakin da filaya kaɗan-kaɗan, ya zura katakon a ciki, ya shiga bugu. Ba irin bugun 'yan gwangwan ba ne. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a gefen lotsawar yake bi, ba ya taɓa tsakiyarta, sai ka ga ƙarfen na tasowa da kansa. Da ya zo fuskar ƙananan ramuka sai ya shimfiɗa tsumma a kai, don kada guduma ta tayar da kaifin da ya kwanta. Wannan ta lura da shi, kuma haushi ya kama ta da ta ga ya gane ba tare da an gaya masa ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tun yana ɗan koyo a garejin bakin titi rabonta da ta ga guduma a hannunsa.

Bayan kamar awa ɗaya magurjin ya tsaya da ƙafarsa a kan siminti. Ya ɗan karkace, fuskar yanka kokwamba ta tafi har abada, amma sauran ukun suna nan.

Yaya ta fizge shi ta shige kicin. Ta wanke shi da hannu ɗaya, ta ɗora karas da dankali a wuta, ta sauke su da sauran ƙarfinsu, yadda ta saba. Ta kafa magurjin a faranti, ta kai hannun dama, zafi ya harba mata har kafaɗa, jini ya ɓullo ta bandejin. Ta koma hagu. Karas ɗin ya zame, magurjin ya kife, farantin ya bi shi. Ta sake gwadawa, ta danne mariƙin da gwiwar hannu, ya sake kifewa.

Auta na tsaye a bakin ƙofa.

A nan ne Yaya ta ga inda aka kawo ta. In ta yi shiru, ba zai taɓa iyawa ba. Zai gurza sama da ƙasa kamar kowa, ya tura cokali ta inda bai kamata ba, Baba ya datse baki, gobe mota ta koma babu kowa a bayanta. Shiru na yini ɗaya kawai, ta ci. In kuwa ta buɗe baki, ta san abin da za ta yi wa kanta. Ta tsaya tana huci, tana kallon tururin da ke tashi daga karas, yana raguwa. Baba ba ya cin abu in ya huce.

"Wanke hannunka," ta ce. "Da sabulu, ba wannan shafa-shafar ba."

Ya wanke, ya zo ya kama mariƙin, ya juyo da fuskar manyan ramuka. Ta kai masa duka a bayan hannu da hagunta.

"Jaki za ka ba? Juya! Wannan. Ba sama da ƙasa ba, kewayawa za ka yi, kamar kana goge tabo a jikin ƙofar mota. Kar ka danna. Na ce kar ka danna, ba fenti kake kankarewa ba!"

Ya sassauta. Karas ɗin ya soma taruwa a cikin magurjin, laushi lugub, yana riƙe da jikinsa. Ta sa ya bi da dankalin, ta sa ya ɗiga mai cokali ɗaya. Sannan ta miƙa masa guntun citta.

"Fuskar ƙaya. Sau biyu kawai, ba uku ba. Ba don ci ba ne, don ƙamshi ne. Sai ya ji shi a hanci bakinsa ke tuna aikinsa."

A gurza ta biyu ƙayar ta ɗebe masa fatar gaɓar yatsa. Ya yi tsaki ya kai yatsan baki.

"Madalla," in ji Yaya. "Yanzu kun gaisa."

Suka shiga ɗakin. Baba na jingine da filo biyu, idonsa na bin su. Da ya ga kwanon a hannun Auta sai ya kawar da kai wajen bango. Auta ya waiwayo ta, a idonsa ta ga yaron nan da ke zuwa mata da littafin lissafi yana hawaye. Wannan ce damarta ta ƙarshe, ta kuma san haka.

"Koma damansa, ta nan yake ji. Zauna ƙasa da shi, kar ka tsaya masa a ka kamar likita. Kai cokalin kusa da hancinsa ka jira. Kar ka ce ya buɗe baki, ba yaro ba ne. Jira kawai."

Suka jira. Hancin tsohon ya motsa. A hankali kan ya juyo, leɓen dama ya saki.

"Rabin cokali. Ta gefen kunci. Sunkuyar masa da haɓa kaɗan. To, dubi maƙogwaronsa, sai ya hau ya sauka kafin ka ƙara."

Ya hau, ya sauka. Babu tari. Auta ya ƙara, ya sake hawa ya sauka. A cokali na shida Baba ya ɗago hannunsa mai lafiya ya riƙe wuyan hannun Auta, yana jawo shi da kansa. Sai da ya cinye kwanon tas.

"Yaya, ya ci!" Auta ya juyo fuskarsa a washe, idonsa ya ciko. "Wallahi ya ci! A hannuna ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da ya faɗa.

"Na gani," ta ce. "Ba makauniya ba ce ni."

Da yamma ya same ta tana ninke kayan Baba da hannu ɗaya, ya sake cewa ta zo su tafi tare. Ta ce ya matsa mata daga haske. Bai ce a fasa tafiyar ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Asabar da hantsi tsohon direba ya taya su ɗaga Baba zuwa bayan mota. Yaya ta gyara masa filo, ta ja masa hula, ta kasa haɗa ido da shi. Ta koma ciki ta fito da magurjin a naɗe cikin tsohon ɗankwalin Inna, ta tura wa Auta ta taga.

"Kar a wanke shi da soson ƙarfe. Kar mai takardar shaidarku ta taɓa shi sai ka nuna mata da hannunka. Citta sau biyu. In na ji an kunna masa injin nan, wallahi har gida zan zo in fasa shi a kanka."

"To, Yaya."

"Kuma ka riƙa jira. Kai ba ka iya jira ba tun kana yaro."

Mota ta tashi. Ta tsaya har ta sha kwana, sannan ta shiga ta rufe ƙofa. Gidan ya yi shiru, irin shirun da ba ta san me ake yi da shi ba. Ƙafarta ta kai ta kicin don lokacin dafa karas ya yi. Ƙusa na nan a bango. A kan tebur kuma ga 'yar gudumar Auta, ya manta da ita.

Ta ɗauke ta da hagu. Bugun farko ya kuskure, ya ɓanɓaro filasta. Na biyu ma haka. Ba ta tsaya ba, ta yi ta bugu tana kuka tana zaginsu su huɗun ɗaya bayan ɗaya, har da kanta ta biyar, sai da kan ƙusar ya nutse a cikin bango.